Ɓacewar Fayil a Uwar Garken Wasannin Dabara: Dalilai da Hanyoyin Bincike, Tare da Misali Daga Noman Rani na Kura da Bunkure

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa zama gindin bishiya yana kallon 'yan dara ya san irin hayaniyar da kan tashi idan akuya ta ratsa ta tsakiyar gurabun, ko kuwa iska ta taso ta shafe su. Gurbi talatin ne kacal, kowane ɗan wasa kuma da 'ya'ya goma sha biyu, amma da zarar tsarin ya wargaje sai a ji kowa yana rantsuwa cewa shi ne yake gab da ci. Abin da ya salwanta a nan shi ne shaidar inda wasa ya tsaya, kuma idan shaida ta salwanta, yarda takan bi bayanta.

A wannan maƙala za mu duba irin wannan matsala, amma a wasannin dabara na kwamfuta waɗanda mutane da yawa suke bugawa tare, inda kwamfuta ɗaya take riƙe da tarihin wasan gaba ɗaya a cikin fayil. Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa ɓacewar wannan fayil tana da dalilai ƙididdigaggu, kowanne da alamarsa, kuma wanda ya san hanyar da bayani yake bi kafin ya zauna a faifai zai iya gano inda ya maƙale. Mun zaɓi yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano ya zama madubinmu saboda dalilai biyu. Na farko, an daɗe ana amfani da wasannin dabara wajen koyar da rabon ruwan ban-ruwa. Na biyu, yadda ruwa yake tasowa daga madatsa har ya kai gona ya yi kama ƙwarai da yadda bayani yake tafiya a cikin kwamfuta.

2.0 NOMAN RANI DA WASAN DABARA

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a shekarar 1974, a zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, sa'an nan a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda ta karɓi ragamar aikin. An tsara kashi na farko na Shirin Noman Rani na Kogin Kano ya shayar da kimanin hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noma shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, wanda ya haɗa da gyaran hanyoyin ruwan da kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

Babbar matsalar kowane shiri irin wannan ita ce ta na gaba da na baya, watau manomin da yake kusa da ƙofar ruwa yana iya ɗiba fiye da kima, na ƙarshen hanya kuwa ya tashi da ƙishirwa. Domin a sa kowa ya ɗanɗani matsayin ɗan'uwansa ne masana suka ƙago wasanni. A shekarun 1980 Martin Burton ya tsara wani wasa na horar da jami'an ban-ruwa, daga baya kuma Bruce Lankford ya fito da wasan kwarin kogi, wanda ake gangaro da ƙananan duwatsun gilashi a kan allo mai gangara a matsayin ruwa, an kuwa buga shi da manoma da jami'ai a Tanzaniya da Nijeriya. Waɗannan wasanni ne na allo da takarda. To amma da zarar an mayar da irinsu kan kwamfuta, ko kuma matasa sun haɗu sun kafa wasan nishaɗi kamar Freeciv, sai tambayar ajiya ta taso.

Kafin mu ci gaba ya kamata mu fayyace kalmomi uku. Uwar garke ita ce kwamfutar da sauran kwamfutoci ko wayoyi suke haɗuwa gare ta, ita ce take karɓar matakin kowane ɗan wasa ta yanke hukunci. Zagaye shi ne lokacin da kowa yake ɗaukar matakinsa kafin a matsa gaba. Fayil ɗin ajiya kuwa shi ne hoton wasan baki ɗaya a ƙarshen wani zagaye. Freeciv, wanda wasu ɗalibai uku na Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak suka fara a 1995, an gina shi ne a kan wannan tsari, kuma akwai masu buga shi zagaye ɗaya a yini, har wasa guda ya ɗauki watanni. Haka nan Civilization IV, wanda ya fito a 2005, yana da tsarin Pitboss domin irin wannan doguwar tafiya. A irin wannan hali, ɓacewar fayil ɗaya asarar aikin mutane da yawa ce na tsawon makonni.

3.0 HANYAR DA BAYANI YAKE BI

Ruwan da ya baro Tiga yakan bi babbar hanya ta tafkin Ruwan Kanya, ya rabu zuwa reshen gabas da na yamma, wani ya kwana a tafkunan ajiyar dare, sa'an nan ya shiga ƙananan hanyoyi kafin ya kai kunyar gona. Idan jami'i ya ce an saki ruwa, gaskiya ya faɗa, amma alkamar da take ƙarshen hanya ba ta riga ta sha ba.

Haka abin yake a kwamfuta. Idan manhajar wasa ta ce ta ajiye, abin da ya faru a mafi yawan lokuta shi ne ta miƙa bayanin ga babbar manhajar da take tafiyar da kwamfutar, kamar Windows ko Linux. Ita kuma babbar manhaja ba ta rubutawa nan take. Takan tara bayanin a ma'ajiyar wucin gadi, wadda ba ta riƙe kome sai da wutar lantarki, domin ta rubuta shi gaba ɗaya a lokacin da ya fi sauƙi. A Linux wannan jinkiri yana iya kai daƙiƙa 30, wani lokaci ma ya zarce. Bayan haka shi kansa faifan yana da tasa ƙaramar ma'ajiya da bayani yake ratsawa. Ke nan akwai zango uku tsakanin kalmar "an ajiye" da zaman bayani daram, kuma biyu daga cikinsu tamkar tafkin dare suke, sai dai su da zarar wuta ta ɗauke sukan ƙafe nan take. Akwai umurnin da ake kira fsync, wanda manhaja take amfani da shi ta tilasta a kai bayanin faifai kafin a ci gaba, amma ba kowace manhaja ce take kiransa ba.

4.0 IRE-IREN ƁACEWA DA ALAMOMINSU

Mu ƙaddara cewa wata ƙungiyar manoma ta shirya wasan horo na mutum goma sha biyu, kowane zagaye yana matsayin mako ɗaya na rani, uwar garken kuwa tsohuwar kwamfuta ce a ofishin ƙungiya. Da safe aka kunna, sai wasan ya ce babu ajiya. Abin da ya faru ba zai wuce ɗaya daga cikin biyar ba.

4.1 Fayil yana nan, amma a wani wuri

Wannan shi ne mafi yawa kuma mafi sauƙi. Wasanni da dama suna ajiya ne a jakar mai amfani da ya kunna su, saboda haka idan jiya sakatare ne ya kunna da sunansa, yau kuma ma'aji ya kunna da nasa, to kowannensu jakarsa daban. Bugu da ƙari, tun daga Windows Vista, idan tsohuwar manhaja ta nemi ta yi rubutu a jakar da ba a ba ta izini ba, akan karkatar da rubutun a asirce zuwa wata jaka mai suna VirtualStore. Alamar wannan iri ita ce babu fayil ko ɗaya a inda ake nema, ko kuwa waɗanda suke nan duk tsofaffi ne, alhali ba a ga wata matsala jiya ba.

4.2 Fayil yana nan, amma fanko ne

A nan sunan yana nan, girmansa kuwa sifiri. Dalili shi ne manhajoji da yawa, idan za su sabunta fayil, sukan fara goge tsohon abin da yake ciki, sa'an nan su rubuta sabo. Idan wuta ta ɗauke tsakanin gogewa da rubutawa, an yi biyu babu. A farkon 2009 masu gwada Ubuntu 9.04 da sabon tsarin ajiya na ext4 sun yi ta kokawa da wannan, har Theodore Ts'o, jagoran masu kula da tsarin, ya yi bayanin cewa manhajojin ba sa kiran fsync, daga baya aka sa gyara a Linux 2.6.30 domin a rage ɓarnar. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta sabon fayil da wani suna, a tabbatar ya zauna, sa'an nan a canja masa suna ya maye gurbin tsohon. Malamin da ya san aikinsa ba ya yage tsohon shafi sai ya gama kwafe sabo.

A yanki irin na Kura da Bunkure, inda wutar lantarki take zuwa tana ɗaukewa, ake kuma sauyawa tsakaninta da janareta, wannan iri ne ya kamata a fara zargi idan an ga fayil fanko.

4.3 Fayil yana nan da girmansa, amma ya ƙi buɗuwa

Dalilan wannan suna da yawa. Faifai yana iya cika ana tsakiyar rubutu, sau da yawa saboda tarin tsofaffin ajiya da littafin aukuwa da ba a rage ba, sai fayil ya fito guntu. Fayilolin ajiya galibi a matse suke, kuma matsattsen fayil idan ya rasa ƙarshensa yakan ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Faifan da kansa yana iya tsufa, zafin watan Afrilu da yake haura digiri 40 a ƙasar Kano da ƙurar hunturu da take toshe fanka kuwa suna gaggauta tsufan. Har ila yau akwai jabun filashi da katin memori a kasuwa, waɗanda suke nuna girman da ba su da shi, idan aka wuce ainihin iyakarsu sai sabon bayani ya hau kan tsoho ba tare da wani gargaɗi ba. Ana iya gwada su da manhajar H2testw ko F3 kafin a amince musu. Daga ƙarshe, wani lokaci fayil ɗin lafiyarsa lau, wasan ne aka sabunta zuwa wani zubi da bai san tsohuwar ajiya ba, maganin kuwa shi ne a koma zubin da aka fara da shi.

4.4 An share fayil

Wannan shi ne abin da Bahaushe yake cewa dara ta ci gida, domin mai sharewar na gida ne, ko mutum ko manhaja. A ƙarshen 1998 kamfanin Bungie ya janye wasan Myth II daga hanyar kasuwa bayan an gano cewa manhajar cire shi tana iya share faifai gaba ɗaya idan an girka wasan a tushen faifan. A Janairun 2015 aka gano kuskure a manhajar Steam ta Linux, inda wani layi ɗaya na umurnin sharewa, idan ya kasa gane jakar da ake nufi, yakan fara daga tushe ya share duk abin da mai amfani ya mallaka, har da faifan ajiya da yake jone a lokacin.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi wuraren da kwamfuta take yawan zama babu wuta. Agogon kwamfuta yana dogara ne da wani ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya duk lokacin da aka kunna, sai ajiyar yau ta zama ita ce mafi tsufa a idon na'ura, kuma duk wani tsari da aka kafa na share tsofaffi a bar sababbi zai fara ne da ita.

4.5 Gidan ne ya tafi gaba ɗaya

Gobara da sata da tsawa da ambaliya ba sa zaɓen fayil. Kada kuma a ɗauka hayar uwar garke a ƙasashen waje ta kawar da wannan. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma masu wasan Rust suka ba da sanarwar cewa uwayen garkensu 25 na Turai sun tafi tare da duk abin da yake cikinsu.

5.0 TSARIN BINCIKE

Jami'in ban-ruwa mai hankali, idan aka kawo ƙarar ruwa bai kai gona ba, yakan fara ne daga gonar ya bi hanya a ƙafa yana hawa, ya duba ko kacala ce ta toshe, ko an fasa gefe, ko ƙofa ce a rufe, kafin ya ɗora wa madatsa laifi. Muna ba da shawarar a bi irin wannan tsari, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Mataki na farko shi ne a tsayar da uwar garke, kada a fara sabon wasa, kada kuma a girka kome. Fayil ɗin da aka share galibi yana nan a faifai, sunansa kawai aka cire daga jeri, amma duk wani sabon rubutu yana iya hawa kansa. Daɗin daɗawa, wasannin da suke jujjuya ajiya kaɗan suna iya maye gurbin mai kyau da marar kyau idan aka ci gaba da kunna su.

Na biyu, a kwafe jakar wasan yadda take zuwa wani faifai, a yi duk gwaji a kan kwafin. Na uku, a rubuta abin da aka sani: yaushe aka ga wasan lafiya a ƙarshe, wa ya kunna, ko wuta ta ɗauke, ko an sabunta wani abu. Ya kamata a yi wannan tambaya ba da sigar tuhuma ba, domin wanda ya ji tsoron a kama shi da laifi zai ɓoye ainihin bayanin da ake bukata.

Na huɗu, a binciki faifan gaba ɗaya da sunan fayil ko ƙarshen sunansa, a jakar kowane mai amfani da kuma kwandon shara. Na biyar, idan an same shi, a gwama girmansa da na zagayen da suka gabata: sifiri yana nuni ga ɗaukewar wuta, guntu yana nuni ga cikar faifai, daidai kuwa yana nuni ga tsufan faifai ko sauyin zubi. Na shida, a karanta layukan ƙarshe na littafin aukuwa, na wasan da na babbar manhaja, a duba sauran fili a faifai, a kuma duba agogo. Na bakwai, a duba rahoton lafiyar faifai wanda ake kira SMART, musamman adadin gurabun da suka lalace aka musanya su.

Sai duk waɗannan sun gaza ne za a koma ga manhajojin ceto kamar TestDisk da PhotoRec, kuma wajibi ne abin da aka ceto a zuba shi a wani faifai dabam. A nan ya kamata a sani cewa sababbin faifai marasa juyawa, watau SSD, sukan goge gurbin da aka share da kansu cikin ɗan lokaci, saboda haka ceto a kansu ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Mataki na ƙarshe na mutane ne. Idan ajiyar da ta tsira ta zagaye na 14 ce alhali an kai na 16, wanda ya yi asara a waɗannan zagaye biyu zai yi murna, wanda ya ci riba kuwa zai ga an cuce shi. Dole ne a yi wannan yarjejeniya tun kafin a fara wasa, cewa idan an sami matsala za a koma ajiya ta ƙarshe mai lafiya ba tare da gardama ba.

6.0 RIGAKAFI

Ƙa'idar da masana suka fi yarda da ita ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Ga ƙungiyar da muka yi misali da ita wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa: ɗaya a uwar garke, ɗaya a filashin da aka gwada wanda ake cirewa bayan kwafi, ɗaya kuma a wayar wani amintacce da yake kwana a wani gari, ko a ma'ajiyar intanet. Kowace ajiya ta ɗauki lambar zagayenta a sunanta, kada sabuwa ta hau kan tsohuwa. A lura kuma cewa jakar da take daidaita kanta da intanet ba ta wadatar, domin idan fayil ya zama fanko a nan, fankon za ta aika can.

Abu biyu ne ake yawan mantawa. Na farko, fayil ɗin ajiya yana ɗauke da asirin kowane ɗan wasa, saboda haka mai riƙe kwafi ya zama wanda ba ya cikin wasan, ko kuwa a kulle kwafin da kalmar sirri. Na biyu, kwafin da ba a taɓa gwada buɗe shi ba zato ne kawai. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya share kimanin gigabait 300 na bayanai bisa kuskure, da aka koma ga hanyoyin ajiya biyar da aka tanada sai aka tarar babu wadda take aiki yadda aka zata, abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan. Ya kamata duk mako a ɗauki kwafi ɗaya a buɗe shi a wata kwamfuta a gani da ido.

Game da wuta, kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir ta fi ta tebur dacewa da wannan aiki a karkara, domin ba ta mutuwa lokacin da ake sauyawa zuwa janareta ko sola. Idan ta tebur ce, a haɗa ta da na'urar riƙon wuta, a kuma saita ta ta rufe kanta cikin tsari kafin batir ya ƙare. A ɗaga ta daga ƙasa, a kakkaɓe ƙurar fanka bayan hunturu, a kuma dakatar da sabunta wasan har sai an kammala wanda ake ciki.

7.0 KAMMALAWA

A wannan maƙala mun nuna cewa bayani yana ratsa zango-zango kafin ya zauna a faifai, mun kasa ɓacewar fayil gida biyar tare da alamar kowanne, mun kuma jera matakan bincike daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Abin da muka faɗa game da wasa ya shafi sauran fayilolin da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suke ajiyewa a kwamfuta, kamar jerin sunayen manoma da girman gonakinsu da kuɗin ruwan da suka biya, waɗanda ɓacewarsu ta fi ta wasa muni. Saboda haka muna ganin ofishin da ya koyi kiyaye ajiyar wasan horo ya koyi kiyaye littafin kuɗinsa ke nan. Muna kuma kira ga masana harshe da masana kwamfuta su zauna tare su daidaita kalmomin wannan fanni da Hausa, domin sakataren ƙungiya a Bunkure ya iya karanta saƙon da na'ura ta nuna masa, ya kuma san matakin da zai fara ɗauka kafin ya kira mai gyara daga Kano.